Ranar da na kai ƙanena wurin likitar mata

Ƴan uwa na Korahane da kewaye, da na Dakoro, da waɗanda ke ci-rani suna bin labarin gida daga nesa. Na roƙi a ɓoye sunana, an kuma yarda. Wanda zan ba ku labarinsa yana raye, cikinku yake, shi ya ba ni izni in yi magana, da sharaɗin kada in faɗi sunansa ko garinsu. Zan kira shi ƙanena, ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba. Don Allah kada kowa ya zauna yana lissafin gidaje don ya gano wane ne. Ko kun gano, alhaki kawai za ku ƙara wa kanku.

A gida aka haife shi, kamar yawancinmu. Ungozoma ta duba ta ce namiji ne. Ran suna aka yanka rago, liman ya raɗa masa sunan maza. Sai da ya kai shekara bakwai, lokacin kaciya, wanzami ya ja babansa gefe ya ce halittar yaron ta ɗan bambanta da ta sauran: mafitar fitsarinsa tana ƙasa, kuma ƙwai ɗaya ne ya sauko. Baban ya ce Allah ya yi shi haka, a bar maganar. Aka bar ta. Yaro ya tashi cikin maza, yana kiwo, yana noma, yana kokowa a dandali bayan girbi, kuma ba a kayar da shi da sauƙi.

Yana wajen shekara goma sha shida abubuwa suka fara sauyawa. Ya daina wanka a tabki da sa'o'insa, ya daina kokowa. Ko cikin zafin bazara ba ya tuɓe riga a gona. Daga baya na san ƙirjinsa ne ya fara tasowa, yana ɗaure shi da tsohon rawani har numfashi na yi masa wuya. Sai ciwon mara ya zo, tare da jini cikin fitsari.

To, wa bai san fitsarin jini ba a ƙasarmu? Yaron da ya yi wasa a ruwan tabki ya ga jini, kowa zai ce tsargiya ce, kuma galibi ita ce ɗin. Ana raba maganinta har a lakwal. Aka kai shi gidan likita, majo ya ba shi ƙwayoyin tsargiya, jini ya tsaya, aka ce ya warke. Bayan wata ya dawo. A shekara ɗaya sau uku yana shan maganin nan. Ni ban ga laifin majo ba, don saurayi ne a gabansa da hula da wando, kuma ba wanda ya faɗa masa abin da wanzami ya gani.

Inna, mahaifiyarsa, ita ta gano. Wata rana bayan isha'i ta kira ni bayan rumbu, ta ce: "Ɗan nan, zo in hwaɗa maka. Ni mace ce, na san lissahin wata. Ciwon ga na ƙanenka ba tsargiya ba ne. Duk wata shina zuwa, kwana huɗu ko biyar shi wuce. Na ƙirga, wata bakwai bai kuskure ba." Sai ta ba ni labarin wani dattijo a danginsu, tun tana yarinya. Bai taɓa aure ba, ba ya wanka inda mutane suke. Cikinsa ya kumbura, ya ƙi a kai shi ko'ina, har ya rasu. Masu wankan gawa suka fito ba wanda ya ce uffan, amma mata sun ji abin da aka gani. Inna ta ce: "Ba ni son ɗana shi bi hanya tai. Baban ba shi jin magana ta. Kai ne babba, ka san yadda za ka yi."

Na yi sati uku ina neman bakin da zan fara da shi. A ƙarshe a kan babur muka yi maganar, muna dawowa daga kasuwa, ina gaba yana baya, ba mai kallon idon wani. Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Can ya ce: "Yaya, in zan faɗi, wa zan faɗa wa? Kuma in ce me ke damuna?" Na rasa amsa. Kalmar da muke da ita a Hausa ita ce mata-maza, kuma mun mai da ita zagi. Mutum ba zai shiga gaban likita ya zagi kansa ba. Wannan shi ne shinge na farko, tun kafin a zo maganar kuɗi ko mota.

Shinge na biyu shi ne ƙofa. Kun san tsarin lafiya a Nijar: ƙaramin gidan likita na ƙauye, sai CSI, sai asibitin gunduma kamar na Dakoro, sai manyan asibitocin Maraɗi, sai Yamai. A kowane mataki akwai ɓangaren mata, inda ake awon ciki da haihuwa da tsarin iyali. Tun wajen 2006 gwamnati ta ce awon ciki da aikin fiɗa na haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Abu ne mai kyau, ya ceci rayukan iyayenmu mata. Sai dai duk an gina shi ne don mace mai zane da goyo. Wanda ke da mahaifa a ciki amma sunansa na maza ne, da gemu a haɓa, ba a yanka masa ƙofa ba. A ƙauye kuma abin ya fi wuya: mai sayar da tikiti maƙwabcinku ne, tagar ɗakin duba a buɗe take, wadda ke bayanka a layi surukar ƙanwarka ce. Kafin ka iso gida labari ya riga ka.

Saboda haka muka tsallake na kusa. Inna ta sayar da awakinta biyu, ni na fitar da dammunan hatsi daga rumbu. Muka ce wa mutane gwaiwa ce za a duba masa. Muka shiga mota zuwa wani babban gari da ba zan faɗi sunansa ba. Likitan farko ya tura mu a yi hoton ciki, ekogarafi. Mai hoton ya duba, ya sake dubawa, ya ɗauki karne ya karanta suna, ya ce: "Wannan karnen naka ne?" Ƙanena ya ce nasa ne. Mutumin ya rubuta takarda ya ce mu kai ɓangaren mata.

Ba zan manta bencin nan ba. Mata sun kai talatin, masu ciki da masu jego, sai mu biyu maza. Wata dattijuwa ta yi masa barka tana tambaya ko matarsa ce ta shiga naƙuda. Ya sunkuyar da kai. Da layi ya zo kanmu, mai rijista ta ɗaga murya ta kira sunansa, ta ce: "To ina marar lafiyar take?" Na ce ga shi nan. Ta ce in daina wasa da aikinta, nan ba wurin maza ba ne. Na miƙa mata takardar hoton. Ta karanta, ta dube shi daga hula har takalmi, ta nuna wa ta kusa da ita. Benci ya ɗauki ƙus-ƙus.

Aka shigar da shi, aka hana ni shiga. Abin da ya faru ciki shi ya faɗa mini daga baya. Wadda za ta duba shi ta kira abokan aikinta su zo su gani. Suka shigo su biyar ko shida, har da ɗalibai. Ba wanda ya tambaye shi inda ke masa ciwo. Da ya ga ɗaya ta ciro waya daga aljihu, sai ya tashi ya ja wandonsa ya fito. Ya wuce ni a bakin ƙofa bai tsaya ba, sai a tasha na same shi. Kuɗin awakin Inna sun tafi, ko ƙwaya ɗaya ba mu dawo da ita ba. Wata takwas ya yi yana cewa gara ya mutu da ya sake komawa.

A cikin watannin nan na yi ta bincike a waya, ina tambayar waɗanda na yarda da su. Na gane masu fama da wannan ƙofa iri biyu ne. Akwai irin ƙanena, waɗanda aka haifa da halitta a haɗe. Akwai kuma waɗanda aka haifa da jikin mace cikakke amma suke jin kansu maza, suke rayuwa a matsayin maza, wasunsu har suna shan sinadarin maza, murya ta yi kauri, gemu ya fito. A Turai da Amurka an fi jin labarin waɗannan na biyu. Na san abin da mutanenmu da malamanmu ke cewa a kansu, kuma ni ban zo ba da fatawa ba, ban kai nan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a bakin ƙofar likitar mata matsalarsu ɗaya da ta ƙanena.

Akwai wani Ba'amurke a jihar Jojiya mai suna Robert Eads. Da jikin mace aka haife shi, ya rayu a matsayin namiji. A 1996 aka gano yana da sankarar ƙwan mahaifa. Likitoci fiye da goma suka ƙi karɓar sa, wasu don gudun kada ganin namiji a ɗakin jiransu ya kori mata masu zuwa. Kafin a sami asibitin da ya yarda, ciwon ya ci jiki. Ya rasu a 1999. A Ingila kuma kwamfuta ce ke aika wa mata wasiƙar gayyata su zo awon sankarar bakin mahaifa, daga shekara 25 zuwa 64. Shekaru da yawa duk wanda aka rubuta shi namiji a rijistar likita wasiƙar ba ta zuwa masa, ko da mahaifarsa na nan. Ƙasashen da ke da kuɗi da injuna ke nan. Da na karanta sai na tuna dattijon da Inna ta ba ni labari. Ciwo ba ya duba takardar haihuwa. Inda mahaifa take, cututtukanta na iya zuwa, ko wace riga aka sa a kai.

Na kuma je wurin wani malami da ya karantar da ni tun ina yaro. Na ce: "Allah gafarta malam, in mutum ya zo da halitta kaza da kaza, la'ana ce?" Ya yi murmushi ya ɗauko Muhtasar na Shehu Halil, littafin da malamanmu na Malikiyya ke karantarwa a zaure, wanda aka rubuta a Masar fiye da shekara 600 da suka wuce. Ya nuna mini cewa da maganar irin wannan mutum, wanda Larabawa ke kira hunsa, aka rufe littafin, a babin gado. Malamai sun tsara alamomin da ake dubawa, sun kuma yanka masa rabonsa na gado in alamomin sun rikice. Ya ce: "Wanda shari'a ta ba gado, kai wane ne da za ka hana shi magani? Hukuncin aurensa da sahunsa a salla, wannan sai an zauna da likitoci da malamai. Amma neman lafiya ba ya jiran wannan zama." Na kai wa ƙanena wannan magana. Bai ce komi ba, amma a daren nan ya ci tuwo.

Abin da ya mai da mu asibiti tilas ce. Cikin damina, ana tsakar noman biyu, ciwon ya zo bai wuce ba. Mara ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, ya kasa miƙewa. A wannan dare baban da kansa ya ce a tafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani ma'aikacin lafiya da na amince da shi ya haɗa mu da wata likitar mata a wani asibiti dabam, ya kira ta tun muna hanya.

Matar nan ba ta yi wani abin mamaki ba. Ta ce mu zo bayan an tashi awo, lokacin da benci ya watse. Ta shigar da mu ta rufe ƙofa, ta sauke labule, ta kife wayarta a kan tebur inda yake gani. Ta ce: "Malam, yaya kake so in kira ka?" Ya faɗi sunansa. Da sunan ta kira shi har muka rabu. Ta tambaye shi ko yana so in zauna ko in fita. Kafin ta taɓa shi sai ta faɗa masa abin da za ta yi da dalilinsa. Ni da na shiga da shirin faɗa, sai na ji hawaye na zubo mini.

Ta yi mana bayani da Hausa, tana zane a takarda. Ta ce a farkon makonnin ciki kowane ɗan tayi yana da tushen halitta biyu, daga baya ɗaya ya ci gaba, ɗaya ya shuɗe. Wani lokaci duka biyun sukan tsaya. Ƙanena yana da ƙwan namiji a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma ƙwan mace da ƙaramar mahaifa. Mahaifar na zubar da jini duk wata, hanyar fitarsa ƙanƙanuwa ce, ta haɗu da ta fitsari. Jinin da bai fita ba shi ya taru har ya ruɓe. Ta ce ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ba kuma laifin Inna ba ne.

Aka fara da kashe wutar da ta tashi: allurai, ruwa, aka zuƙe abin da ya taru. Sauran ta ce ba gaggawa. Aka aika jininsa Yamai, aka haɗa shi da likitan mafitsara. Wasu dangi da suka ji ƙishin-ƙishin suka ce tunda yana jini a mai da shi mace kawai. Likitar ta ce mutum ne baligi mai shekara ashirin, da shi za a yi shawara, kuma sai ya san amfani da illar kowace hanya. Ta faɗa masa gaskiya cewa da wuya ya haihu, ko ta wace hanya ya bi. Ya yi wata uku yana tunani, ya yi istihara, ya koma wurin malam. Ya ce shi namiji ya tashi, namiji yake jin kansa. Aka yi aiki aka cire mahaifar da ƙwan macen, aka rage ƙirjin. Har yanzu yana komawa a duba shi.

Ga abin da na riƙe daga bakin likitar nan, don kada wani gida ya sha wuyar da muka sha. In an haifi jariri aka ga al'aurarsa ba ta fito sarai ba, ko ana ganin namiji ne amma ba a ji ƙwai ko ɗaya ba, a kai shi likita tun kafin suna. Akwai nau'in da ke sa jariri amai da bushewar jiki a makonnin farko, yana kisa, alhali akwai maganinsa. Wannan nau'in ana gadonsa ne daga uwa da uba tare, shi ya sa ya fi fitowa inda auren zumunci ya yi yawa. In saurayi na fitsarin jini da ke zuwa wata-wata, maganin tsargiya bai raba shi da shi ba, a nemi hoton ciki. Kuma duk mai bakin mahaifa yana buƙatar awon sankara, wanda a wurare da yawa da ruwan binegar kawai ake yin sa, cikin ƴan mintoci. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce wannan sankara ta kashe mata wajen 350,000 a 2022, mafi yawansu a ƙasashe matalauta irin namu. Shan sinadarin maza ba ya kare mutum daga gare ta, ba ya kuma hana ɗaukar ciki.

Roƙona ga majo-majo da ungozomomi da masu rijista: abin da likitar nan ta yi bai ci ko dala ba. Rufe ƙofa, rage murya wurin kiran suna, ajiye waya, ba mutum lokacin da benci ya watse. Sirrin marar lafiya amana ce da kuka yi rantsuwa a kanta. Ga iyaye maza irin baban ƙanena: shirun shekara goma sha uku bai canza halittar ɗanku ba, asibiti kawai ya jinkirta. Mu kuma masu waya, in hoton irin wannan bawan Allah ya shigo WhatsApp ɗinka, ka goge shi a wurinka. Duk wanda aka yi wa dariya, akwai wasu a ɓoye da suke kallo, suna yanke shawarar ba za su taɓa zuwa likita ba.

Ƙanena ya yi noma bana, ya cika rumbu. Ya mayar wa Inna awakinta, har da ƙari ɗaya. Rawanin da yake ɗaure ƙirji da shi yanzu a kansa yake. Maganar aure ce ta rage. Akwai yarinyar da yake so, ya ce ba zai kai goro gidansu ba sai ta san gaskiya, kuma har yau bai sami bakin faɗa mata ba. Ku sa shi cikin addu'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya rufa mana asiri duniya da lahira.